Kafin a Biya Kuɗin Mota, a Leƙa Ƙarƙashinta

(Jawabin da wani bakanike ya yi wa ƙungiyoyin adashin mata na Birnin Kudu da Gwaram, gab da rabon asusu)

Shugaba ta ce in yi magana a kan sayen mota ta hannu, tunda rabon asusu ya matso, kuma akwai masu niyyar haɗa rabonsu da na maigida ko na yara a sayi mota: a kai marar lafiya asibitin tarayya na Birnin Kudu, a kai kaya kasuwar Sara, sauran ranaku a ba direba ya yi haya. Niyya ce mai kyau. Sai dai kuɗin nan zubi ne na mako-mako, wata na shekara biyu, wata uku, shi ya sa zan tsaya a kan abin da masu saye suka fi tsallakewa, wato tsatsar ƙarƙashin mota.

Yawancin mutane in sun je wurin dillali, fenti suke kallo, su sa a tayar da inji su saurara. To inji in ya mutu ana canza shi. A je Kofar Ruwa a Kano a sayo wani a ɗora, mota ta tashi. Giya ma haka. Amma motocin da muka fi saye a nan, Golf da Sharon da Sienna da Corolla, ba su da shasi daban irin na Hilux. Bodin shi ne ƙashin motar, a jikinsa aka ɗaure ƙafafu da inji da kujeru. In tsatsa ta ci wannan ƙarfen, kamar gara ce ta ci azarar ɗaki: daga waje yaɓe lafiya lau, ciki ya zama gari.

Ƙasarmu busasshiya ce, mota takan daɗe a nan ba ta ruɓe ba. Saboda haka in kun ga tsatsa mai yawa, ku tambayi inda motar ta yi zama. A Kanada da arewacin Amurka da Jamus, lokacin dusar ƙanƙara gishiri ake watsawa a titi don kada taya ta zame, gishirin nan ya maƙale a ƙarƙashin mota ya yi ta cin ƙarfe. A 2010 sai da kamfanin Toyota ya kira motocin Sienna ƙirar 1998 zuwa 2010 a gyara, saboda gishiri na cinye wayar da ke riƙe safaya taya har ta iya faɗowa a titi. Don haka kalmar "'yar Kwatano" ko "Baljiyam" kada ta kwantar muku da hankali. Motar da ta daɗe a Legas ko Fatakwal ma iskar teku na taɓa ta. Akwai kuma namu na gida: motar da ta yi shekaru tana ɗaukar buhunan takin zamani da gishiri da kanwa, ko awaki suna fitsari a but, bayanta yakan ruɓe tun kafin gaba.

Na san ba Hajiya ce za ta kwanta a ƙarƙashin mota ba. Ku tura bakaniken da kuka zaɓa da kanku, ku biya shi kuɗin wahalarsa ko an saya ko ba a saya ba. Wanda dillali ya kawo, la'adarsa na cikin cinikin, me kuke so ya ce? A je da rana tsaka, a hau da motar kan ramin wurin wanki ko na gareji, a wanke taɓon, a haska da tocila. Ku ce wa yaronku ya ɗauki bidiyo da waya ya turo ta WhatsApp, ku kalla a gida, in da hali ku nuna wa wani bakaniken na biyu. Mai motar da ya ce ba za a hau rami ba, ya riga ya ba ku amsa.

Tsatsa ba iri ɗaya ba ce. Akwai ja-ja a fatar ƙarfe, wadda in an goga ƙarfen ya fito sumul. Wannan kowace tsohuwar mota na da ita, musamman a salansa, kada ta tsorata ku. Akwai wadda ta kumbura tana ɓamɓarewa kamar ɓawon itace. Wannan ta fara cin kaurin ƙarfen. Sai wadda ta huda. Ido kaɗai ba ya rarrabewa, sai an ƙwanƙwasa da sukundireba ko ƙaramar guduma. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi ƙwal-ƙwal, ruɓaɓɓe kuwa sai ku ji tuɓus, gari na zubowa.

Inda tsatsar take ya fi yawanta muhimmanci. Huda a murfin but ko a ƙasan ƙofa muni ne kawai, mai walda ya gyara. Amma a duba dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, inda ake kafa jak. In jak na nutsewa ciki, magana ta ƙare. A duba inda ƙafafun baya da shokozoba suka haɗu da bodi, da ƙarfen da inji ke zaune a kai. Sai siraran bututun birki da suka bi ta ƙasa daga gaba zuwa baya. Ba su kai kaurin fensir ba, in ɗaya ya fashe mai ya zube, direba zai taka birki ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa. Ku tuna wa zai kasance a ciki ran nan: ku ne da 'ya'yanku, a hanyar Babaldu ko ta Basirka, da kaya maƙil. Bututu ana canza shi da kuɗi kaɗan in an gani da wuri. Wurin da ƙafa ta kama bodi kuwa, ni ko an yi masa walda ba na ba iyali shawarar saye.

Yanzu dabarun ɓoyewa. In kun ga ƙarƙashin motar da ta shekara ashirin baƙi wul yana sheƙi, an fesa kwalta ko baƙin mai kwanan nan, ku tambayi dalili, a kankare wuri ɗaya a gani. Masu gyaran bodi sukan cike rami da fila su shafe da fenti. Ku tafi da mayen ƙarfe, ko na tsohuwar lasifika ne, a naɗe shi a ƙyalle a bi jikin motar, inda ya ƙi kamawa ba ƙarfe ba ne a wurin. A ɗaga kafet, a ciro safaya taya a duba raminta. Tun bayan ambaliyar 2022 ina ƙara cewa a duba ko mota ta sha ruwa: a jawo bel ɗin kujera har ƙarshe a ga ko akwai shatin ruwa, a duba kusoshin ƙarƙashin kujera, a shinshina. Warin ruma ba ya ɓuya, sai dai a rufe shi da turare, turare mai yawa kuma shi ma abin tambaya ne. Motar da ta nutse, wutarta ba ta daina ba da wahala.

Sai batun daraja, wanda ku kun fi ni iya lissafinsa. A ce an sa mota miliyan 4, bakanike ya ce bututun birki da salansa da waldar but za su ci dubu 300. Wannan kuɗin a cire shi daga farashi tun a bakin ciniki. Kuma kada rabonku ya ƙare kaf a kan sayen. Ku bar abin taya da batir da inshora da mai, kun san yadda mai ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. In mota biyu ce a gabanku, ɗaya fenti ya koɗe amma ƙasa lafiya, ɗaya tana walƙiya amma ƙasa na ɓamɓarewa, ku ɗauki mai koɗaɗɗen fentin. Ita ce in bukata ta taso za ku sayar ku ga kuɗinku. Wanda zai ci bashin ƙungiya ya cika, ya tuna bashin watanni kaɗan ne, motar da ke kwana a gareji kuma ba ta biyan bashi.

Takardu kuma, lambar shasi harufa da lambobi 17 ce, tana jikin gilashin gaba ta gefen direba. A tabbatar ita ce a takardar kwastan da ta rajista, ɗaya bayan ɗaya. A rubuta yarjejeniya da shaidu, mai sayarwa ya faɗi aibin da ya sani, a sa sharaɗin mayarwa in wani ɓoyayye ya bayyana cikin kwanakin da aka yanke. Kuma in da kuɗin mace a ciki, a rubuta sunanta da adadin da ta zuba, ko da mijinta ne ko ɗanta zai riƙe makulli. Wannan ba rashin yarda ba ne, rai da mutuwa ne, ranar rabon gado takarda ake tambaya.

In Allah ya sa an saya, da damina a riƙa wanke ƙarƙashinta bayan an bi taɓo, a shimfiɗa leda mai kauri kafin a loda taki ko dabbobi, a bar kafet ya bushe in ya jiƙe. Mai tambaya ta ɗaga hannu, Shugaba ta ba mu sauran lokaci.