Sharhi: Malamin Firamare da Kayan Aikinsa



Tun 2006 aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero ta Jihar Kebbi, amma ɗalibin da zai shige ta gobe yana aji ɗaya yau, a wata firamare ta Jega ko Maiyama. Da me ake koyar da shi?

A 2022 gwamnatin tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da manhajar Nigeria Learning Passport, mai darussa kyauta, har da na Hausa. Abu ya yi kyau. Sai dai malamin ƙauye da ke biyan kuɗin cajin waya a shago, ya kuma sayi data daga albashinsa, ba kullum zai buɗe ta ba.

Saboda haka kada a raina abin da ke hannu. Malamar da ta tsara darasinta tun dare, ta zo da murafun kwalba da karan dawa, sai ta raba wa yara su ƙirga goma-goma su ɗaure. Kafin a tashi, yaro ya gane goma da ɗaya da hannunsa. A Aliero kuwa, farashin buhun albasa ya isa darasin lissafi.

Gwamnan jihar, Nasir Idris, tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta NUT ne, ya san ciwon. Muna kira gare shi da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB: a gyara allo, a wadata alli da littattafai, a sa sola, a horar da malamai tsara darasi. Iyaye kuma ku riƙa leƙa makarantun 'ya'yanku.