AMSAR WASIƘA: HOTUNAN TSUNTSAYE DAGA BALAN

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Balan, ta ƙasar Gaya, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi. Ya ce tun da ya sayi waya mai kyamara yake zuwa fadamun wajen Ajingi yana ɗaukar hoton tsuntsaye, har abokansa suna yi masa dariya, wai ya rasa aikin yi. Ya aiko mana da hotuna huɗu, yana so mu gaya masa wanne ya fi kyau, kuma shin wannan abu ɓata lokaci ne?

To Malam, mun gode. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, kuma ka yi haƙuri, gaskiya za mu faɗa maka.

Hoton farko na kirinjijiya ne a bakin ruwa. Mun gane su ne kawai don ka rubuta sunansu, domin duk sun fito baƙi ƙirin kamar inuwa. Dalili kuwa, ka tsaya kana fuskantar rana. Farar fuskar nan da ake gane kirinjijiya da ita ta ɓace. Nan gaba ka bar rana a bayanka, hasken ya sauka a kan tsuntsun. Kuma ka fita da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi kuma tsuntsaye suke fitowa kiwo.

Na biyu zalɓe ne. Ka tsaya nesa ka yi ta jawo shi da yatsu a fuskar waya har hoton ya dagule. Jawowar da yawancin wayoyinmu ke yi ba ta ƙara komai, buɗa hoton kawai take yi ya yi dishi-dishi. Maganin wannan shi ne haƙuri. Ka sa tufa mai duhu, ka sami gindin bishiya ka zauna shiru, ka ɗora gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa don kada hannu ya yi rawa. Maharba sun san wannan dabara tun kaka da kakanni. Tsuntsu in ya saba da zamanka, shi zai matso da kansa.

Na uku shi ne wanda ka ce ka fi alfahari da shi, wato 'ya'yan shamuwa a cikin sheƙa. Hoton ya fito tas, babu shakka. Amma Malam, a nan ne za mu yi faɗa. Ba yadda za a yi ka sami wannan hoto sai ka hau bishiyar, kuma ba mu ga uwar a ciki ba, alama ke nan ka kore ta. 'Ya'yan tsuntsu in aka bar su a rana ba uwa, ko zafi ya illata su ko hankaka ya far musu. Shamuwa baƙuwarmu ce. Daga kudancin Afirka take tasowa ta iso mana gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a tsakiyar gari don ta amince da mu, tana kuma cinye fara da tsutsa a gonaki. Don Allah kada a ƙara. In ana son hotonta, a tsaya a ƙasa.

Sai na huɗu, wanda ka ce ka haɗo ne kawai, kana ma jin kunyarsa. To wallahi shi ne ya fi duka. Ƙananan tsuntsaye ne jingim a kan ciyawar kacalla, kuma uku daga cikinsu bakinsu ya fito ja sarai. Malam, jan baki ke nan ka ɗauko a wurin kwanansu. Masana sun ƙiyasta cewa ɗaya takan ci hatsi kimanin giram 10 a rana. Garke mai miliyan 2 ke nan zai iya lashe tan 20, wato buhu 200 mai kilo 100, a yini guda. Manoman shinkafa na Haɗejiya sun san wannan masifa, don kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa a can ta zame wa jan baki mafaka.

Saboda haka kada ka bar wannan hoto a waya. Ka kai wa malamin gona na yankinku, ko ofishin hukumar KNARDA mafi kusa, ka faɗi wurin da ranar da ka ɗauka. Ka nuna wa mai unguwa da maƙwabtanka na gona tun gero da dawa ba su fara ido ba. Gani ya kori ji. Hoton zai kuma hana a yi kuskure a auka wa tsuntsayen da ba ruwansu, irin su balbela mai bin shanu tana tsince ƙwari.

Game da masu yi maka dariya, ka gaya musu wannan. Kogin nan da ya ratsa Wudil ya nufi Ringim, yana cikin kogunan da ke shayar da fadamun Haɗejiya da Nguru. Kowace shekara da kaka, agwagin ruwa da wasu tsuntsaye sukan taso daga Turai, su ƙetare Sahara, su yi hunturu a can, sa'an nan su koma wajen watan Maris ko Afrilu. Saboda su ne Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila Elizabeth, ya ziyarci Dagona ta ƙasar Bade a 1989. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, a 2008 kuma aka ƙara da Dagona da Baturiya ta Jihar Jigawa. Abin da wasu ke biyan kuɗin jirgi su zo gani, kai yana bayan gonarka.

Akwai kuma wani amfanin. Dattawa su tuna, yaushe rabon da su ga gauraka a fadama? Ungulu da a da take cika mahauta, yau sai a yi wata da watanni ba a ga ɗaya ba, har a 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Hoto mai ɗauke da sunan wuri da kwanan wata shaida ce ga jikokinmu cewa tsuntsu kaza ya zauna a Balan.

Don haka Malam, ba ɓata lokaci kake yi ba, muddin ba ka bar noma da kasuwa saboda shi ba. Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta wuri da rana da sunan tsuntsu. Wanda ba ka san sunansa ba, ka tambayi tsofaffin masunta da maharba. Muna jiran hoton kirinjijiya na gaba, da rana a bayanka.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana amfanin gona. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.