TAFIYA DAIDAI DA TAKUN YARA

  

Zancenmu na yau a kan iyaye masu gudun titi ne, waɗanda kuma Allah ya ba su ƙananan yara a gida. A dā, in ka ga magidanci yana gudu a bakin titi da asuba, sai ka ce soja ne, ko kuwa wani abu ya koro shi. Yanzu abin ya zama ruwan dare. A shekarar 2013 aka fara tseren kilomita 10 na Okpekpe a Jihar Edo, a 2016 kuma aka fara babban gudun famfalaki na birnin Legas, mai tsawon kilomita 42 da mita 195. 'Ya'yanmu na Filato, musamman na wajen Pankshin da Jos, sun yi suna a irin wannan tsere. Waɗansu kuwa likita ne ya sa su, saboda hawan jini ko ciwon sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawara babban mutum ya riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako.

To, ina damuwar take? Mai shirin gudun famfalaki yakan yi wata uku ko huɗu yana horo, kwana huɗu ko biyar a kowane mako. A ƙarshen mako yakan yi dogon gudu, wani lokaci har kilomita 30, abin da zai ci masa kusan awa uku, ya dawo a gajiye yana neman wurin kwanciya. Lokacin da yake fita kuwa, shi ne lokacin da gida ya fi bukatar hannu. A lokacin ne ake ɗora ruwan wanka, ana dama koko, ana neman takalmin makaranta da ya ɓata, jariri kuma yana kuka. Hausawa suka ce ba a haɗa gudu da susar katara. Shin haka ne? Mai bi zai iya riƙe gudunsa ya kuma riƙe gidansa?

Mai Littafi Mai Tsarki a kusa, sai ya buɗe Farawa sura 33, daga aya 12 zuwa 14. Yakubu yana komowa ƙasarsa bayan shekara 20 a gidan kawunsa Laban. Ɗan'uwansa Isuwa ya taryo shi da mutum 400. Yakubu ya kwana da tsoro, amma Allah ya sauya zuciyar Isuwa, ya rungume shi, suka yi kuka tare. Daga nan Isuwa ya nemi su kama hanya tare. Yakubu kuwa ya roƙe shi ya yi gaba. Dalilin da ya bayar shi ne, yaran ba su yi ƙwari ba, a cikin garken kuma akwai masu shayarwa, in aka matsa musu da tafiya ko ta yini guda, za a yi asara. Saboda haka shi zai biyo baya a hankali, yadda dabbobin da yaran za su iya.

In muka yi lissafi, Yakubu ya yi aure bayan shekara bakwai a gidan Laban. Ashe ɗan farinsa Ra'ubainu bai wuce shekara 13 ba a ranan nan, Yusufu kuwa yana wajen shekara shida. 'Ya'ya maza 11 da 'yar'uwarsu Dinatu, duka ƙanana. Mutanen Isuwa ƙarfafa ne, sun saba da tafiyar jeji. Waɗansu masanan Littafi sun ce Yakubu hanzari kawai ya kawo domin ya rabu da Isuwa, gama daga baya Sukkot ya nufa, bai tafi Seyir ba. Ko da haka ne, abin da ya faɗa a kan yaran gaskiya ne. Uba ne wanda ya san ƙarfin 'ya'yansa, ya kuma yarda takunsu ya zama ma'aunin tafiyarsa. Daga nan za mu ɗauki koyarwa uku.

Ta fari, gudu ba laifi ba ne, amma yana da matsayinsa. Manzo Bulus ya zauna a Koranti shekara ɗaya da rabi, kusa da inda Helenawa suke yin manyan wasanni kowace shekara biyu. Ya san yadda 'yan tsere suke hana kansu abubuwa da yawa domin rawanin ganye wanda yake bushewa. A 1 Korantiyawa sura 9 ya ɗauke su misali, ya nuna mana cewa in suna yin haka saboda ganye, mu da muke sa zuciya ga ladan da ba ya lalacewa ya kamata mu fi su kamun kai. A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, sura 4 aya 8, ya yarda horon jiki yana da amfani, amma ya sa ibada a samansa, domin amfaninta ya shafi rayuwar yanzu da mai zuwa. Jikin mai bi haikalin Ruhu Mai Tsarki ne. Uban da ya kula da lafiyarsa domin ya rayu ya ga auren 'ya'yansa ya yi abu mai kyau. Kada kowa a cikin ikkilisiya ya yi masa ba'a, ko ya ce da uwar da take gudu ta rasa aikin yi.

Amma ɗan'uwa, bincika zuciyarka. In kuɗin makarantar yara bai cika ba, ka kuwa sayi sabon takalmin gudu, abin ya fita daga matsayinsa. In dogon gudunka ya faɗa safiyar Lahadi, har yara suka saba zuwa sujada ba tare da kai ba, ko kuwa ka zo kana gyangyaɗi lokacin wa'azi, abin ya zama gunki. A shekarar 1924, a wasannin Olamfik na birnin Faris, Eric Liddell, mutumin Sikotilan, ya ƙi shiga tseren mita 100, wanda ya fi gwanancewa a kai, domin an sa zagayen farko ranar Lahadi. Ya shiga na mita 400, ya kuwa ci lambar zinariya. Shekara guda bayan haka ya tafi ƙasar Sin aikin bishara. Mutumin nan yana ƙaunar gudu ƙwarai, amma ya san wanda ya ba shi ƙafafun.

Ta biyu, nauyin gida na mutum biyu ne. Duk sa'ar da ka yi a kan titi, akwai wanda ya biya ta a gida. Sau da yawa matarka ce, wadda ta tashi sau uku da dare saboda jariri. Ka taɓa tambayarta? Ka taɓa ce mata, yau ni zan yi wa yara wanka, ke ki huta, ko ki je zumuntar mata hankalinki kwance? A Afisawa sura 5 an umarci maza su ƙaunaci matansu kamar jikunansu. Wanda yake ba jikinsa awa bakwai a mako, ya kuwa kāsa ba matarsa hutun awa ɗaya, bai cika wannan umarni ba.

Ga misali daga ƙasar Kenya. Catherine Ndereba ta haifi 'yarta a shekarar 1997. Bayan haihuwar ne ta ci gudun famfalaki na birnin Boston a Amurka har sau huɗu, a 2000, 2001, 2004 da 2005. A 2001 a Shikago ta gama tseren cikin awa 2 da minti 18 da daƙiƙa 47, a lokacin ba macen da ta taɓa yin haka a duniya. Mai bi ce, a gaban jama'a takan ba Allah girma. Amma lokacin da take horo da tsere a ƙasashen waje, mijinta ne yake riƙe da yarinyar a gida. Lambobin suna ɗauke da sunan mutum ɗaya, amma mutum biyu suka yi wahalarsu. Ku maza da Allah ya ba matanku wannan baiwa, ku yi koyi da wannan. Goyon ɗanka ba ya rage maka girma. Ke kuma 'yar'uwa da kika haihu kwanan nan, kada ki yi garaje. Ki bari jikinki ya warke, ki nemi shawarar likita kafin ki koma titi, ki kuma fara da tafiya kafin gudu.

Saboda haka muna ba ku shawara, miji da mata su zauna da yammacin Lahadi su shirya makon tare. Wace rana ce ta gudu, wace ce ta gida, wa zai kai yara makaranta, wa zai ɗauko su. Wanda zai iya fita da ƙarfe biyar ya dawo kafin yara su farka, ya yi haka, amma ya kwanta da wuri, kada gajiya ta sa ya riƙa yi wa yara tsawa. In yaro ya kwana da zazzaɓi, gudun ranan nan ya sha ruwa. Mai gudu cikin duhu ya sa riga mai haske, ya bi gefen da zai riƙa fuskantar motoci masu zuwa, gama ransa ba nasa kaɗai ba ne, akwai masu jiransa a gida. Wataƙila a shekarun renon nan, tseren kilomita 10 ya ishe ka. Mai Wa'azi ya koya mana kowane abu yana da lokacinsa. Legas za ta shirya tsere baɗi, amma ɗanka sau ɗaya zai yi shekara uku a duniya. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ta uku, yara suna kallo. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaron da ya ga ubansa yana tashi cikin sanyin hunturu ba fashi, ya koyi naciya ba tare da an yi masa lacca ba. To, ya taɓa ganin uban nan ya durƙusa yana addu'a da irin wannan naciya? A Maimaitawar Shari'a sura 6 Allah ya umarci iyaye su koya wa 'ya'yansu Maganarsa a zaune a gida da kuma a kan hanya, da lokacin kwanciya da na tashi. Ashe hanya ma makaranta ce. Ranar Asabar da yamma, ka ɗauki yaran ku zaga filin makaranta. Ka rage sauri. Ka bar ƙaramin ya wuce ka, ya yi ta murna. Zai tsaya kallon ƙadangare, zai tambaye ka wa ya yi gajimare. A nan ne za ka ba shi labarin Mahalicci. Agogonka ba zai nuna wani abin kirki a ranan nan ba, amma ka yi tafiyar Yakubu.

Kafin mu rufe, bari mu tuna da wani mai gudu a 2 Sama'ila sura 18. Bayan yaƙin da Absalom ya tayar wa mahaifinsa, Ahimawaz ɗan Zadok ya nace sai ya kai wa sarki Dauda labari. Yowab ya riga ya aiki wani Bakushe, amma Ahimawaz ya bi ta hanyar fili, ya wuce shi. Gwanin gudu ne, har mai tsaro a kan garu ya gane shi tun daga nesa ta yadda yake gudu. Ya iso na fari, ya ba da albishirin nasara. Amma sarki abu ɗaya ya tambaya, wato lafiyar saurayin nan Absalom. A nan mai gudu ya rasa amsa, sai ya kama kewaye-kewaye. Sarki ya sa shi ya koma gefe ya tsaya.

Ƙaunatattu, wata rana kowannenmu zai kai ƙarshen tserensa ya tsaya a gaban Sarkin sarakuna. 'Ya'ya amana ce daga wurinsa, zai kuwa tambaye mu labarinsu. Wannan magana ta wuce masu gudun titi. Akwai mai gudun kasuwa, da mai gudun ofis, da mai gudun siyasa. Har mu ma'aikatan ikkilisiya tambayar tana jiranmu, gama ana iya yin gudun taro daga wannan gunduma zuwa waccan, gida kuwa ya zama kango. Allah ya sa a ranan nan mu sami amsar da za mu bayar.

In kuwa kana jinmu yau, zuciyarka tana gaya maka ka riga ka yi wa yaranka nisa, kada ka fid da zuciya. Ubangiji Yesu shi ne Makiyayi mai kyau, wanda annabi Ishaya ya kwatanta da mai ɗaukar 'yan raguna a ƙirjinsa, mai bi da masu shayarwa a hankali. Shi da ya fi kowa ƙarfi ya rage sauri saboda mu, ya zama mutum, ya yi tafiya da takunmu har zuwa gicciye. Da almajirai suka kori yara domin suna ganin Malam ba shi da lokaci, ya ji haushi, ya kira yaran, ya rungume su, ya sa musu albarka. Ka zo wurinsa da tuba, zai karɓe ka. Sa'an nan ka koma gida ka nemi gafarar iyalinka, ku sake shiri. Sannu ba ta hana zuwa.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin lafiyar jiki da ƙarfin ƙafafu. Mun gode domin 'ya'yan da ka danƙa a hannunmu. Ka ba iyaye maza da mata hikimar raba lokacinsu, ka sa ƙauna da fahimta tsakanin miji da mata. Ka kiyaye masu gudu a kan titi daga haɗari. Ka tuna da gwauraye da duk masu renon yara su kaɗai, ka tanada musu mataimaka a cikin ikkilisiyarka. Ka koya mana tafiya daidai da takun ƙanananmu, har mu da su mu iso gabanka lafiya. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa war haka, in Ubangiji ya yarda. Salamar Allah ta kasance tare da ku da iyalanku.