Bawul ɗin Sauya Tanki a Tsofaffin Motocin Shiga Daji: Gyara ko Canji?



Duk wanda ya san hanyoyin yashi na Baure da Zango da Sandamu, ko ya taɓa ƙetarawa ta Kongolam zuwa Matamaye da Damagaram, ya san dalilin da ya sa tsohuwar Land Cruiser ba ta rasa mai saye a Masarautar Daura. Toyota ta fito da jerin 70 a 1984, injin dizal ɗin 1HZ mai lita 4.2 kuma ya biyo baya a 1990. Da yawa daga cikin dogayen motocin nan tanki biyu gare su, kowanne lita 90. Amfanin tanki na biyu ya fito fili a Nuwamban 2019, lokacin da Hukumar Kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka. Mai tanki biyu sai ya cika a nesa ya yi ta aikinsa, mai ɗaya kuwa ya koma hannun 'yan bumburutu.

Abin da ke raba aiki tsakanin tankunan biyu wani ɗan bawul ne a ƙarƙashin mota. A Land Cruiser da lantarki yake aiki, direba ya danna maɓalli ya juya. A tsofaffin Land Rover na soja kuwa da hannu ake murɗa shi. Tunda injin dizal ba ya ƙone duk man da ya ja, akwai tiyon kaiwa, akwai na maido da ragowa, kuma dole su sauya tare. Wannan ne ake yawan mantawa.

Yoyon da ido ke gani shi ne mai sauƙi: robar cikin bawul ta bushe saboda zafi da tsufa, mai yana ɗiga. Wanda ya fi wahalar da mutane shi ne wanda ba ya ɗiga. Idan bawul ya tsage ta ɓangaren ja, iska yake shaƙa, mota ta ƙi tashi da safe, ko ta mutu tsakiyar yashi. Sai a ɗora laifi kan injekta, a kwance ta, a kashe kuɗi masu yawa, ciwon yana nan. Da an sa guntun tiyo mai haske tsakanin filta da injin, da an ga kumfa na wucewa. Akwai kuma yoyon ciki, inda ake jan mai daga tanki ɗaya ragowar na komawa ɗayan, har ya cika ya riƙa amai a hanya. An sha zargin yaran mota da satar man da ƙasa ce ta shanye.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin da aka saba yi: a ɗaure da robar tayar keke, a shafa gam, in ya ƙi a cire bawul ɗin gaba ɗaya a toshe tanki na biyu. Daga nan sai jarkoki su shiga cikin mota, kusa da fasinjoji, cikin zafin watan Afrilu. A motar fetur wannan wasa da rai ne.

Ra'ayina shi ne, in jikin bawul lafiya yake, a buɗe a wanke ƙura da tsatsa, a sa sababbin zoben roba masu jure mai, a sake tiyo da matsewarsa. Tiyon ruwa ba ya wannan aiki, kumbura yake yi. In jikin ya tsage ko waya ta ƙone a ciki, canji ya zama dole. Na gwanjo da ake samowa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano sau da yawa sa'an tsohon ne a shekaru, don haka a gwada shi kafin a biya. Na fi son bawul na murɗawa da hannu mai baki shida, domin ƙura da ruwan damina ba su da wayar da za su ci.

Kafin a taɓa komai a cire kan batir, a sa wa kowane tiyo alama, kada a bar wuta ko mai walda kusa. Bayan an ɗaura, a fitar da iska da famfon hannu da ke kan filta, a gwada motar a kan kowane tanki dabam.

Ina roƙon Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura ta haɗa kai da ƙungiyar makanikai a shirya wa yaran gareji horo na yini ɗaya a kan wannan aiki, da mota a gabansu, a cikin harshen Hausa.