Jami'a da Ɗalibi Ɗan Wasa: Darasi daga Tsarin Amurka

Gabatarwa

Tambayar da wannan lacca ta ɗauko ita ce ko jami'o'i suna shirya ɗaliban da ke buga musu wasa domin sana'a da kuma rayuwar da ke jiransu bayan sun bar fili. Amurka ce ƙasar da ta fi dacewa a nemi amsar, domin a Turai da Afirka yaro mai baiwar ƙwallo yakan taso ne a hannun kulob ko makarantar horarwa, alhali a Amurka hanyar da ta fi kai matashi ga manyan gasannin ƙwararru ta cikin jami'a take bi. Hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in ƙasar, wadda aka sani da NCAA, tana da makarantu kimanin 1,100 da 'yan wasa fiye da 500,000, waɗanda aka kasa gida uku bisa ga ƙarfin kuɗi da girman gasa. Matsayin laccar shi ne cewa jami'a tana yi wa mafi yawan waɗannan matasa adalci, amma tana tauye waɗanda suka fi kawo mata kuɗi, kuma musabbabin tauyewar shi ne an gina tsarin ne a kan tabbatar da cewa ɗan wasa ya cancanci shiga fili ranar Asabar, ko da bai fahimci abin da aka koyar ranar Litinin ba.

Asalin tsarin

An kafa hukumar a 1906, bayan da mace-macen da aka samu a kakar 1905 a wasan ƙwallon Amurka, wato wasan nan mai kama da zari-ruga, suka sa Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan manyan jami'o'i ya nemi su gyara dokokin wasan. Da farko kare lafiyar ɗalibai ne manufarta, amma da talabijin ya shigo, kuɗi suka fara kwarara, sai wata damuwa ta taso, wato tsoron kada kotuna su ɗauki 'yan wasa a matsayin ma'aikatan jami'a waɗanda suka cancanci diyya idan sun ji rauni. Walter Byers, wanda ya shugabanci hukumar tun daga 1951 har tsawon shekaru fiye da talatin, ya bayyana da kansa a littafin da ya wallafa a 1995 cewa domin toshe wannan ƙofa ne suka ƙirƙiro laƙabin ɗalibi ɗan wasa, suka cusa shi cikin dokokinsu. Dabarar ta yi aiki, domin lokacin da Ray Dennison ya rasu a 1955 sakamakon bugun da ya samu a ka yana buga wa wata kwaleji a jihar Colorado, Kotun Ƙolin jihar ta hana matarsa diyyar ma'aikaci, bisa hujjar cewa kwalejin ba sana'ar ƙwallo take yi ba.

Yarjejeniyar da ta zauna tun daga lokacin mai sauƙin faɗa ce: matashi zai ba jami'a ƙarfinsa da lokacinsa, ita kuma ta biya shi da ilimi, ta hanyar tallafin karatu da ya haɗa da kuɗin makaranta da masauki da abinci. Saboda haka duk wanda zai auna tsarin, ingancin wannan ilimi zai auna, tunda shi ne ladan da aka yi alkawari. Ɓangaren jami'a kuwa bai yi asara ba, domin a 2010 hukumar ta sayar wa kamfanonin CBS da Turner izinin nuna gasar ƙwallon kwando ta maza a kan dala biliyan 10.8 na shekaru 14, sannan a 2016 aka tsawaita kwantiragin zuwa 2032 da ƙarin dala biliyan 8.8.

Ƙofar ƙwararru da ƙuncinta

Idan ana maganar shirya matashi ya zama ƙwararren ɗan wasa, babu gardama cewa manyan jami'o'in Amurka sun iya aikin, domin suna da masu horarwa da likitoci da ɗakunan motsa jiki da kulob-kulob da yawa a duniya ba su mallaka ba. Hakeem Olajuwon ya bar Legas yana matashin da bai daɗe da fara ƙwallon kwando ba, Jami'ar Houston ta goge shi har ya zama na farko da aka zaɓa zuwa gasar NBA a 1984. Sai dai alƙaluman hukumar kanta sun nuna cewa waɗanda ake ɗauka zuwa NBA ko NFL, wato manyan gasannin ƙwallon kwando da ƙwallon Amurka, ba su kai kashi 2 cikin 100 na masu buga waɗannan wasanni a jami'a ba. Gurabe 60 kawai NBA take buɗewa a zaɓen kowace shekara, kuma 'yan wasan Turai da Afirka da sauran nahiyoyi suna cin rabonsu a ciki.

Wanda ya samu shiga ma bai tsira ba, domin ƙungiyar 'yan wasan NFL ta daɗe tana nuna cewa matsakaicin zaman ɗan wasa a gasar bai wuce shekaru uku da 'yan watanni ba, kuma wani bincike da masana tattalin arziki suka fitar a 2015 ya gano cewa kusan kashi 16 cikin 100 na 'yan wasan da suka bibiya sun shigar da takardar karayar arziki cikin shekaru 12 da yin ritaya. Ma'anar wannan ita ce kusan kowane ɗalibi ɗan wasa, har da gwanin gwanaye, zai wayi gari yana neman wata hanyar abinci tun bai cika shekara talatin ba, kuma a wannan rana abin da ya koya a aji ne zai tsaya masa.

Matsalar lokaci

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma rayuwar ɗan wasa a babbar jami'a ta gaskata maganar. Tun 1991 doka ta ƙayyade cewa kada a sa ɗalibi aikin wasa fiye da awa 20 a mako a lokacin kaka, amma yadda ake lissafin ya zubar da ƙarfin dokar, domin ranar gasa awa uku kawai ake ƙirga ta komai tsawonta, ba a ƙirga tafiya, ba a ƙirga zaman jinyar rauni, ba a kuma ƙirga atisayen da ake kira na ganin dama, wanda duk ɗan wasa ya san cewa wanda ya ƙi zuwa zai dawwama a benci. Binciken da hukumar take yi a tsakanin 'yan wasan ya sha nuna cewa masu buga ƙwallon Amurka a matakin ƙoli suna kashe sama da awa 40 a mako. Matashin da ya ɗaga ƙarfe da asuba, ya shiga aji da tsamin jiki, ya koma kallon bidiyon abokan karawa da azahar, ya yi atisaye har magariba, ba shi da sauran sarari na shiga ɗakin gwaje-gwaje ko zuwa koyon aiki a kamfani lokacin hutu, alhali ta irin waɗannan hanyoyi ne sauran ɗalibai suke samun aikin farko. Lamarin ya ƙara tsananta a 2024, lokacin da jami'o'in gaɓar yamma irin su UCLA da Stanford suka koma rukunonin gasa masu yawancin mambobi a tsakiya da gabashin ƙasar, ta yadda wasan waje ya zama tafiyar awanni a jirgin sama.

Daga ƙarancin lokaci ne ake samun abin da masu nazari ke kira cunkoson fanni, wato a tarar 'yan ƙungiya ɗaya sun taru a kwas biyu ko uku, waɗanda aka zaɓa saboda jadawalinsu bai ci karo da atisaye ba. Daga 1973 zuwa 2012 kuma, doka ta ce tallafin karatu na shekara guda ne, ana sabunta shi bisa shawarar koci, don haka ɗalibin da ya nace sai ya karanci injiniyanci ko harhaɗa magunguna ya san wanda zai ɓata wa rai.

Abin da ya faru a Karolina ta Arewa

Misalin da ya fi fito da cutar fili shi ne na Jami'ar Karolina ta Arewa da ke Chapel Hill, wadda tana cikin jami'o'in gwamnati mafi daraja a ƙasar. Rahoton da lauya Kenneth Wainstein ya gabatar a 2014 ya nuna cewa daga 1993 zuwa 2011, ɗalibai kimanin 3,100 sun bi ta wasu kwasa-kwasai a sashen nazarin Afirka da Baƙaƙen Amurka waɗanda babu lacca a cikinsu, babu malami, sai takarda guda da ɗalibi zai miƙa a ƙarshen zango, wata ma'aikaciyar ofis da ba malama ba ta ba shi maki mai tsoka. Kusan rabin ɗaliban 'yan wasa ne, kuma masu ba su shawarar karatu ne suke tura su can domin makinsu ya kai abin da doka ta nema. Da ma'aikaciyar ta tashi yin ritaya a 2009, masu ba da shawarar sun tara kociyoyin ƙwallo suka haska musu bayani a allo, suna gargaɗin cewa kwasa-kwasan da ba sa buƙatar ɗan wasa ya halarci aji, ko ya rubuta bayanan darasi, ko ma ya zauna a farke, sun zo ƙarshe. A 2017 hukumar NCAA ta ƙi hukunta jami'ar a kan batun karatun, bisa dalilin cewa kwasa-kwasan a buɗe suke ga kowane ɗalibi. Tun kafin wannan, a 1989, Dexter Manley, wanda ya yi shekaru huɗu a Jami'ar Jihar Oklahoma kuma ya ci kofin NFL sau biyu, ya shaida wa wani kwamitin Majalisar Dattawa cewa ya bar jami'a bai iya karatu ba.

Ɗaya gefen hujjar

Adalci ya wajabta a faɗi cewa yawancin 'yan wasan jami'a ba sa cikin wannan hali. Masu ninƙaya da masu guje-guje da masu ƙwallon raga, da dukan 'yan mataki na uku inda ba a ba da tallafi saboda wasa, sun san tun farko cewa digiri suka zo nema, kuma dokar 1972 da ta haramta nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ta buɗe wa mata ɗimbin gurabe. Hukumar tana ba da rahoton cewa kimanin kashi 90 cikin 100 na 'yan matakin farko suna kammalawa, ko da yake ma'auninta yana cire wanda ya bar makaranta da maki mai kyau daga lissafi, kuma adadin masu kammalawa ba ya faɗin abin da aka koya.

Akwai kuma shaidar cewa gyara yana yiwuwa idan mai iko da lokacin ɗalibi ya so. John Thompson, kocin Jami'ar Georgetown, ya shahara da ajiye ƙwallon da iskarta ta sace a ofishinsa domin 'yan wasansa su riƙa tuna cewa rayuwarsu ta fi ƙarfin iskar da ke cikin roba, kuma kusan duk waɗanda suka yi shekaru huɗu a hannunsa sun kammala. Cikinsu akwai Dikembe Mutombo ɗan Kwango, wanda ya karɓi digirinsa a 1991, daga baya ya gina asibiti a Kinshasa da aka buɗe a 2007.

Zuwan kuɗi

A watan Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙolin Amurka tara suka haɗu a kan cewa hukumar ba ta da ikon ƙayyade alfanun da ya shafi karatu da jami'a za ta ba ɗan wasa, kuma daga 1 ga Yulin shekarar aka halatta wa ɗalibai cin kuɗin talla da sunansu da hotonsu. A 2025 wata kotun tarayya ta amince da sulhun da ya tanadi biyan tsofaffin 'yan wasa kimanin dala biliyan 2.8, ya kuma ba kowace jami'a ta matakin farko damar raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Wannan ya warware tsohon zaluncin aiki ba lada, amma bai taɓa matsalar aji ba, hasali ma sauƙin sauya makaranta da ya biyo baya ya sa wasu suna zagaya jami'o'i uku ko huɗu, suna zubar da darussan da suka ci a hanya, domin ba kowane kwas ne sabuwar makaranta take karɓa ba.

Abin da ya shafi Najeriya

Matsalar jami'o'in Najeriya kishiyar ta Amurka ce, domin gasar NUGA da ake yi tun 1966 ba ta zama hanyar shiga ƙwararru ba, yaro mai baiwa kuma yakan bar makaranta tun daga sakandare ya bi kulob. Amma ƙasar ta taɓa ganin haɗuwar biyun, domin cikin tawagar da ta ci kofin Afirka a 1980 akwai Adokiye Amiesimaka, wanda ya karanci shari'a a Jami'ar Legas har ya zama babban lauyan gwamnatin jihar Ribas. Masai Ujiri kuwa a Zariya ya koyi ƙwallon kwando, bai taɓa buga NBA ba, amma ya shugabanci kulob ɗin Toronto da ya ci gasar a 2019, abin da ke nuna cewa sana'ar wasanni ta haɗa da gudanarwa da likitanci da shari'a da aikin jarida. Iyayen da ake yi wa 'ya'yansu tayin tallafin karatu zuwa Amurka suna da haƙƙin tambayar shekarun da tallafin zai ɗauka, da makomarsa idan yaron ya karye, da kuma wanda zai zaɓa masa fanni.

Kammalawa

Amsar tambayar ita ce jami'a tana shirya wanda ta bar wa lokacinsa, tana kuma kasa shirya wanda ta cinye nasa. Gyaran da ya biyo daga wannan guda huɗu ne: a riƙa ƙirga dukan awannin wasa har da tafiya da jinya, a mayar da masu ba da shawarar karatu ƙarƙashin hukumar malamai, su fita daga hannun sashen wasanni, a tabbatar da tallafin karatu har zuwa kammala digiri, ko da ɗan wasa ya ji rauni ko ya dawo bayan shekaru, sannan a riƙa bibiyar tsofaffin 'yan wasa shekaru goma bayan fitarsu, a wallafa aikin da suke yi, domin wannan ne ma'aunin gaskiya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma jami'ar da ta cika filinta da 'yan kallo da gumin matashi ta ɗauki bashin ilimantar da shi, bashin da takardar shaida kaɗai ba ta biya.