Jawabi Kan Gyaran Birki a Gida, Daga Taron Wata na Ƙungiya

 

An ce in yi magana kan birki, tunda sallah ta ƙarato, da yawanmu za su ɗebi iyali su nufi gida Arewa. Zan tsaya ne kan kalifa, wato ƙarfen nan da ke matse faifan birki idan ka taka.

Nan Ikko ba irin gida ba ne. Damina doguwa, ga danshi, kullum mota cikin ruwa. Da zarar robar kalifa ta yage, ruwa ya shiga, sai tsatsa ta kama fistan ko sandunan nan biyu da yake zamewa a kansu, ya ƙi sakin faifai. Alamarsa, mota na ja gefe guda, ƙafa ɗaya ta yi zafi, kana jin ƙauri.

In za ka gyara da kanka, to, kada ka yarda da jak kaɗai, sa katako mai ƙwari ka tokare motar. In ka kwance kalifa, rataye shi da waya, kada ya yi lilo a jikin tiyon mai. Zare sandunan, ka goge su tas, ka shafa giris na birki. Ban da baƙin mai, don Allah, kumbura roba yake yi. Fistan kuwa in tsatsa ta ci shi, ba ya gyaruwa, sai sabo. In ka buɗe tiyo, dole a cire iska: mutum ɗaya na taka birki, ɗaya na sassauta noti, har kumfa ta ƙare. Man birki, duba murfi ka zuba irin wanda aka rubuta, DOT 3 ko DOT 4.

Saura wanda ya ci ni. Wata Lahadi na gama ɗauri, na tayar da mota, na taka birki, sai ƙafata ta nutse har ƙasa. Katangar maƙwabcina ce ta tare ni, a daidai inda yara ke wasa kullum. Allah ne ya kiyaye. Na manta ban taka birkin sau da yawa ba, har ya yi tauri, kafin in motsa.

Wanda ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya kai wa makanike, ba abin kunya ba ne. Allah ya kai mu gida lafiya. Wassalam.