JAWABI: NIJAR, ƘASAR DA BA TA DA BAKIN TEKU, DA ABIN DA YA SHAFI KASUWARMU

Shugaban taro, ardo-ardonmu, iyayenmu masu saukar da baƙi, dillalai, 'yan'uwa makiyaya da fataken dabbobi, muna yi muku sannu da zuwa Krofrom, tare da fatan kowa ya baro gida da garke lafiya.

A zamanmu na baya an yi mana tambayoyi biyu waɗanda ba mu amsa su yadda ya kamata ba. Wani dattijo ya ce a gaya masa dalilin da ragunan Nijar suka yi wuyar gani gab da Babbar Salla ta 2025. Wani kuma ya ce shi damuwarsa takardar ƙetare iyaka da dabbobi, shin tana da sauran amfani yanzu da Nijar da Burkina Faso da Mali suka fice daga ECOWAS? Kwamiti ya ɗora mana nauyin mu bincika. Kun dai san karatunmu a firamare ya tsaya, saboda haka abin da za ku ji mun tattaro shi ne daga rediyo, da jaridu, da bakin direbobi da fatake masu bin hanyar. Da muka zauna sai muka ga amsar duka biyun tana komawa ga abu guda, wato yadda Allah ya ajiye ƙasar Nijar a tsakiyar tudu, ba ta da ko taku ɗaya na bakin teku.

To, bari mu fara da ƙasar kanta. Faɗin Nijar murabba'in kilomita 1,267,000 ne, ya ninka Ghana sau biyar har da ɗoriya, amma mutanenta ba su kai na Ghana yawa ba, sun dai haura miliyan 25. Ƙasashe bakwai ne suka kewaye ta: Nijeriya da Benin a kudu, Burkina da Mali a yamma, Aljeriya da Libiya a arewa, Chadi a gabas. Ghana ba ta ciki. Wanda ya hau mota a tashar nan ta Krofrom zai bi Techiman, Tamale, Bolga, ya fita ta Paga, ya ratsa Burkina sannan ya taka ƙasar Nijar. Ke nan duk abin da ya taso daga can zuwa nan, ko sa ne ko buhun albasa, sai ya tsallake iyaka biyu.

Fiye da kashi biyu cikin uku na ƙasar hamada ce. Mu nan Kumasi damina biyu muke samu a shekara, su kuwa guda ce tak, daga wajen Yuni zuwa Satumba, kuma kana yin arewa tana ƙara gajarta. Shi ya sa jama'a suka taru a kudu, daga Yamai da Dosso zuwa Tawa, Maraɗi da Damagaram, inda gero da dawa da wake ke yi. Gaba da nan sai ƙasar kiwo, inda shanun Azawak da jajayen shanun Bororo suke, inda ake haɗuwa a Ingal kowace shekara wajen Satumba dabbobi su lashi gishiri. Gaba da nan kuma sai rairayi da duwatsun Azbin.

Akwai abin da muke so makiyaya su riƙe a nan. Tun 1961 Nijar ta kafa doka ta ja layi, ta ce daga nan zuwa arewa ƙasar kiwo ce, ba ta noma ba. A 1993 ta fito da kundin dokokin karkara, sannan a 2010 ta ƙara wata doka musamman kan kiwo wadda ta ce yawo da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi. Ba mu ce ana bin dokokin nan sau da ƙafa ba. Gonaki sun daɗe da tsallake layin 1961, kuma fatakenmu sun ga burtalin da aka shuke da idonsu. Amma dai makiyayin can yana da takardar da zai ɗaga a gaban hukuma. Wanda ya san irin wahalar da muka sha a ƙasar Agogo da Afram Plains ya san darajar wannan.

Ƙasar da arzikinta ya rataya ga damina ɗaya, in daminar ta ƙi, kowa ya shiga uku. Farin 1973 da na 1984 sun share garkunan da ba su ƙirguwa. Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a ɗakin nan iyayensu a waɗannan shekarun suka gangaro kudu da 'yan shanun da suka rage musu.

Me Nijar take sayarwa duniya? Na farko da aka fi sani shi ne ma'adinin yuraniyum na Arlit, wanda aka fara haƙa a 1971 tare da Faransawa. Ya kawo kuɗi a shekarun 1970, daga baya farashinsa ya karye. Ɗaya daga cikin manyan ramukan, na kamfanin COMINAK, an rufe shi a 2021, ɗayan kuma, SOMAIR, gwamnati ta karɓe shi daga hannun kamfanin Orano na Faransa a 2025. Sai man fetur na Agadem can gabas: a 2011 aka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram mai tace ganga 20,000 a rana. Amma abin da talaka ke ci da shi noma ne da kiwo. Kiwo kaɗai yana ba da kamar kashi ɗaya cikin goma na arzikin ƙasar, kuma kusan babu gidan ƙauye da ba a ɗaure da akuya ko tunkiya. Gaskiyar magana, yawancin shanun Nijar Nijeriya suke nufa, domin iyakarsu ta kai kimanin kilomita 1,500 kuma kasuwannin suna kallon juna. Shanun da ke cika mana Mayanka a Kaase galibi na Burkina ne da arewacin Ghana. Abin da Nijar ta fi aiko mana shi ne ragunan layya, balami da uda, da kuma albasar Galmi wadda kowace mai tuwo a Zango ta san ta.

Yanzu ga inda rashin teku yake ciwo. Buhun shinkafa, ko magani, ko tayar mota, in jirgin ruwa ya sauke shi a Tema ya iso Ghana ke nan. Na Nijar kuwa in an sauke shi a Kwatano, saura tafiyar kimanin kilomita 1,000 kafin ya ga Yamai. Jirgin ƙasan Benin a Parakou ya tsaya. Layin dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso bai yi jigilar da aka yi shi dominta ba. Wanda Nijeriya ta ɗauko daga Kano zuwa Maraɗi a 2021 aka fara aikinsa. Saboda haka komai a bayan tirela yake, kuma kuɗin mai, da na kwastan, da na kowane shingen da ke kan hanya, duk a kan mai saye suke sauka. Ko man fetur ɗin ma sai da ya roƙi hanya: bututun da kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya shimfiɗa ya yi kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Seme a gaɓar Benin, kuma a watan Mayun 2024, lokacin da za a yi lodin farko, sai da Benin ta tare shi na ɗan lokaci saboda rigimar iyaka. Ghana ma tana neman rabonta a wannan jigila ta Tema, shi ya sa aka fi shekara 20 ana maganar tashar tudu ta Boankra a nan bayan Ejisu.

Maganar mulki ba za mu daɗe a kanta ba. Nijar ta sami 'yancin kai ranar 3 ga Agustan 1960 a ƙarƙashin Diori Hamani. Soja sun karɓi mulki sau biyar: Seyni Kountché a 1974, Ibrahim Ba'are Mainasara a 1996, Dauda Malam Wanke a 1999, Salou Djibo a 2010, sai Janar Abdourahamane Tiani ranar 26 ga Yulin 2023. Sau ɗaya ne zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe, lokacin da Mahamadou Issoufou ya ba Mohamed Bazoum a 2021. Ƙasar jihohi takwas ce har da Yamai, kuma daga sama ake naɗa gwamnoni. A watan Maris na 2025 aka rantsar da Tiani a kan wa'adin shekara biyar, aka rushe jam'iyyu, aka kuma ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Wannan na ƙarshe ya yi wa mutanen Zango daɗi, ba ma ɓoyewa.

Wane ne ya yi daidai, wane ne ya yi kuskure a siyasar Nijar, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Namu shi ne abin da ya biyo baya. Ranar 30 ga Yulin 2023 ECOWAS ta sa takunkumi. Aka rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya, Nijeriya ta rufe tata iyakar ta kuma yanke wutar lantarki, alhali a lokacin mafi yawan wutar da Nijar ke sha daga can take zuwa. Motoci suka yi layi a iyaka makonni. Kun tuna yadda albasa ta yi tsada a Kumasi da Ankara a watan Agusta na shekarar, motoci na tsaye kaya na ruɓewa. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, amma Nijar ta bar tata ƙofar ta wajen Benin a rufe har cikin 2025. Kaya suka koma bin Lome, su ratsa Burkina ta Kaya da Dori zuwa Tera, cikin ayari da rakiyar soja saboda 'yan bindiga. Direban da ya saba zuwa ya dawo cikin kwanaki sai ya share makonni yana jiran ayari ya cika. Busasshen kaya yana iya jira. Dabba a cikin mota ba ta jira.

Gwamnatin da ta ga an rufe mata ƙofa sau ɗaya, sai ta fara riƙe abin da ke cikin gida. A watan Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina. A watan Mayun 2025, saura 'yan makonni Salla, ta hana fitar da dabbobi domin rago ya yi sauƙi a kasuwanninta. Baba, wannan ita ce amsar tambayarka. Mun fahimci dalilinsu, kowane shugaba yana so mutanensa su yi layya. Amma a ganinmu an cuci mutum biyu. An cuci makiyayin Tawa da ya yi wata shida yana zuba wa rago dusa da harawa don kasuwar waje. An kuma cuci ɗan'uwanmu na nan wanda ya riga ya canza sidi zuwa sefa ya aika kafin alƙalami. Mun san waɗanda kuɗinsu ya kwana a can har Salla ta wuce. Da an ba da sanarwa tun watanni uku kafin nan, da kowa ya san inda zai sa ƙafarsa.

Maganar canji ma kada a raina ta. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 656, ba ta motsi sai yuro ya motsa. Tsofaffinmu sun tuna Janairun 1994 da aka karya darajarta da rabi, shanun arewa suka yi araha a hannun mai sidi. A 2022 abin ya juya, sidi ya faɗi, wanda ya sayar da shanu bashi a Kumasi ya koma arewa da kuɗin da ba su sayi rabin abin da ya kawo ba. A 2025 kuma sidi ya farfaɗo. Duk mai ba da bashin dabbobi ya yanka wa'adi gajere.

Saura tambaya ta biyu. Takardar da ake magana ta samo asali ne daga shawarar da shugabannin ECOWAS suka yanke a Abuja a 1998. Ta ce makiyayi yana iya ƙetare iyaka da garkensa in yana riƙe da takardar da ta nuna yawan dabbobin, da allurar da aka yi musu, da hanyar da zai bi. A ƙetare da rana, makiyaya kada su gaza biyu, kowane shanu 50 da mutum guda, kuma kada a sa yaron da bai kai shekara 18 ba. Tun kafin rigimar nan ma wasu ƙasashe sun fara ja da baya, Benin ta hana shigowar garkunan waje a ƙarshen 2019. Sai ga shi Nijar da Mali da Burkina sun kafa ƙawancensu na AES a watan Satumban 2023, ficewarsu daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. A ranar ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin mutanen ƙasashen uku, a bar su su yi zirga-zirga da kasuwanci kamar da, har sai an sake sanarwa. Ku lura da kalmar nan, har sai an sake sanarwa. Abin da dā yake haƙƙi a rubuce ya koma alfarma, kuma alfarma ma'aikacin da ke bakin shinge shi ke fassara ta yadda ya ga dama.

Don haka kwamiti yana ba da shawara kowa ya ci gaba da yankar takardar, ya riƙe shaidar allura ta likitan dabbobi, domin mai takarda ko an tsare shi yana da bakin magana. Wanda yake ɗan ƙasa ya tabbata katinsa na Ghana yana jikinsa, baƙo kuma ya nemi nasa na baƙi. Zango ba ta manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, mutane suka sayar da gidaje da shanu a wulaƙance. Kuma kafin kowa ya aika kuɗi arewa, ya kira mai masaukinsa na can ya ji ko ƙofa a buɗe take a makon nan.

Shugaba Mahama ya naɗa wakili na musamman kan ƙasashen AES a farkon 2025, ya kuma je Bamako da Yamai da Wagadugu da kansa a watan Maris. Kwamiti ya yanke shawarar rubuta wa ofishin wakilin takarda, mu roƙi Ghana ta zauna da Nijar da Burkina a yi yarjejeniya a rubuce kan dabbobi: a amince da takardar allurar juna, a bar motar dabbobi ta wuce gaban layi a Paga, kuma duk ƙasar da za ta hana fitar da dabbobi ta sanar tun da wuri. Wanda kuɗinsa ko dabbobinsa suka maƙale a 2023 ko 2025 ya tsaya bayan addu'a ya ga magatakarda, ya faɗi kasuwar da ya saya, da yawan kawunan, da kwanakin da ya yi a hanya, domin mu haɗa da takardar.